Faya-fayen Malam: Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Gane Tsohuwar Na'ura

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin malamin nazarin halittu, wanda aka saba ji yana maganar kwaɗi da sauro, ya tsoma baki cikin sha'anin na'ura mai ƙwaƙwalwa. To, larura ce ta jawo. Wani malamina da ya koyar da ni a jami'a, Allah ya jiƙansa, ya yi zaman ritayarsa a Rigasa, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, har ajali ya cim masa. Bayan an share makoki sai maiɗakinsa ta aiko a kira ni. Da na je muka gaisa, ta sa aka jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Ɗana, ga kayan babanku nan. Yaran gidan nan sun ce tarkace ne, za su ba 'yan gwangwan. Ni kuwa na san irin daren da ya raba a kansu, shi ya sa na ce a dakata sai ka gani."

A cikin kwalin akwai faya-fayai 11, kowanne ya ɗan ɗara tafin hannu, da wata na'ura shuɗiya mai girman littafin karatu, da igiya mai kauri, da abin jona ta da lantarki. A jikin kowane faifai an rubuta kalma ɗaya da hannun da na sani sarai: katantanwa. Nan take na gane abin da ke gabana. A ƙarshen shekarun 1990 Malam ya ɗauki al'adar zagaya kududdufai da rafukan yammacin Kaduna wata-wata, yana ƙirga katantanwar ruwa yana rubutawa. Ɗaliban aji biyar sun san dalili. Tsutsar da ke haddasa ciwon tsargiya, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira cikin 1851, ba ta iya tashi daga mutum ta shiga wani kai tsaye, sai ta yada zango a jikin wata katantanwa da masana ke kira Bulinus. Saboda haka wanda ya san inda wannan katantanwa take, da watan da take yawaita, ya san inda ciwon yake kwana.

Abin da ya ba irin wannan rubutu daraja shi ne ba a iya sake shi. Gwajin ɗakin bincike idan ya ɓaci, gobe a maimaita. Amma babu mai iya komawa shekara 25 baya ya ƙirga katantanwa a kududdufin da yau an cike shi an yi gini a kai. Duk wanda ya san Rigasa kafin a buɗe tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016 ya san yadda gidaje suka cinye fadamu da gonaki. Aikin Malam yana cikin faya-fayen nan, na'urar karanta su tana hannuna, amma kwamfutata ko wurin da za a soka igiyar ba ta da shi.

Sunan na'urar Zip, kamfanin Iomega na jihar Yuta ta Amurka ya fito da ita kasuwa a 1995. A wancan zamani faifan da kowa ke amfani da shi, wato fulofi, megabayit 1.44 kawai yake ɗauka, abin da yau bai isa hoto guda na wayar salula ba. Faifan Zip kuwa megabayit 100 yake ci, kimanin fulofi 70 ke nan a wuri ɗaya. A cikinsa akwai wani faifan roba mai laushi wanda aka shafe da garin maganaɗisu, yana juyawa kusan sau 3,000 a minti, alhali fulofi sau 300 yake yi. Ana sayar da na'urar a kan dala 200 ba kaɗan, faifai kuma wajen dala 20. Daga baya aka yi mai megabayit 250, sa'an nan mai 750 a 2002, amma kafin nan faifan CD da ake iya rubutu a kai da ɗan filashi na USB sun riga sun karɓe kasuwa.

Ta Malam irin wadda ake jonawa a kafar firinta ce, wadda masana ke kira kafar faralel. A nan ne ya kamata mu ɗan tsaya, domin duk wahalar da na sha daga tarihin wannan kafa ta samo asali. Kamfanin Centronics ne ya ƙirƙiro tsarin a farkon shekarun 1970 don na'urorinsa na buga takarda, sa'an nan IBM ya ɗora shi a kan kwamfutarsa ta 1981 da siffar da aka sani: kafa mai ramuka 25 a layi biyu, 13 a sama, 12 a ƙasa. Kwamfuta, kamar yadda aka sani, ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya. Kowane sifiri ko ɗaya shi ake kira bit, guda 8 kuma su ne bayit, wato gwargwadon harafi guda. Daga cikin wayoyi 25 na wannan kafa, 8 aikinsu ɗaukar bit 8 a lokaci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kamar mutum 8 da suka jeru suka shiga ƙofar gari tare. Guda 4 na ba da umarni ne, 5 na jin halin da firinta take ciki, misali ko takarda ta ƙare, sauran 8 kuma na sauke wuta ne zuwa ƙasa.

Sai a lura da wani abu. Firinta saurare kawai take yi, ba ta mayar da labari, don haka wayoyin nan 8 na farko an yi su ne su fitar da saƙo, ba su shigo da shi ba. Na'urar ajiya kuwa dole ta yi magana, tun da amfaninta ke nan. Dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce suka ari 4 daga cikin wayoyin jin halin firinta, suka riƙa raba kowane bayit gida biyu suna shigo da shi rabi-rabi. Yana aiki, sai dai da nawa, kamar mai ɗebo ruwan randa da ludayi. A 1987 IBM ya fito da kafa mai kai da kawowa, a 1991 aka sami tsarin EPP, a 1992 na ECP, sa'an nan a 1994 aka tattara su duka ƙarƙashin ƙa'ida guda mai lamba IEEE 1284. Ashe ke nan kafa ɗaya ce a ido, amma harsuna da yawa take ji, kuma sai an gaya mata wanda za ta yi.

Bugu da ƙari, ita kanta Zip ɗin ba harshen firinta take yi ba. Can cikinta tana magana ne da wani tsari da ake rubutawa SCSI, a furta shi sikazi, sai aka sa mata wani ɗan guntun lantarki da ke naɗe maganar sikazi cikin rigar maganar firinta don ta samu wucewa.

Kuskurena na farko shi ne sayen igiya. A shagunan kayan kwamfuta ana samun wata igiya mai bakin USB a gefe ɗaya da bakin firinta a ɗaya gefen, na saya ina murna na gama. Na jona, kwamfuta ta ce ta ga firinta, daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Dalili kuwa shi ne irin wannan igiya an yi ta ne don ta karɓi shafi ta miƙa wa firinta, ba ta ba kwamfuta ikon taɓa kowace waya ɗaya bayan ɗaya, alhali dabarar Zip gaba ɗaya a kan wannan iko ta dogara. Ina jan hankalin malamai masu kula da ɗakunan kwamfuta na makarantu da kada su zubar da kuɗinsu a nan. Kafar gaske ake bukata, wadda ke manne da uwar allon kwamfuta, ko kuwa kati na musamman da ake sokawa a cikin kwamfutar tebur.

Neman tsohuwar kwamfuta ya kai ni tsohuwar kasuwar Panteka, inda abin da duniya ta yar yake samun rai na biyu, daga can kuma aka yi mini kwatancen wani saurayi mai gyara a nan Rigasa. Shi ya zaƙulo mini wata kwamfutar tebur ta zamanin Pentium 4 mai kafar firinta a bayanta. Shi ne kuma ya cece ni daga ɓarnar da ba ta da magani. Na ɗauki abin jona lantarkin zan soka a bango, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Dakta, a gafarce ni, a duba rubutun jikinsa tukuna." Na duba, sai ga 120 a rubuce. Kayan Amurka ne, wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Da na soka, da hayaƙi ne zai ba ni amsa. Malam da taransifoma mai rage wuta yake amfani, ita ce ba a sa a kwalin ba. Na'urar kanta bolt 5 take bukata, don haka ko dai a nemo mai rage wuta, ko a sami wani abin jonawa mai ba da bolt 5 wanda bakinsa da jerin wayoyinsa suka dace.

Ya kuma juya bayan na'urar ya duba, abin da ban san ana yi ba. Akwai Zip irin ta sikazi zalla, ita ma bakinta mai 25 ne, kamanninsu ɗaya. Ana gane ta da wasu 'yan maɓallai biyu a baya, ta firinta kuwa ba ta da su, sai baki na biyu mai hoton firinta. Soka ta sikazi a kafar firinta yana iya lalata ɗaya daga cikinsu ko duka biyun.

Daga nan sai BIOS, wato ɗan shirin da ke farkawa kafin komai idan an kunna kwamfuta, wanda ake shiga ta danna wani maɓalli tun allo bai gama haske ba. A can muka tarar an kashe kafar firintar ɗungurungum. Muka kunna ta, muka bar ta a adireshinta na gado, 378, muka zaɓa mata tsarin EPP, wanda shi ya fi dacewa da Zip. Idan ya ƙi, sai a koma tsarin asali mai nawa, domin ya fi kowanne rashin gardama. Washegari da muka dawo sai muka tarar duk abin da muka zaɓa ya goge. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan uwar allo, CR2032, shi ke riƙe wa BIOS tunaninsa, kuma nasa ya daɗe da mutuwa. Muka canja shi.

Yanzu wuta ta kama, kafa a buɗe, fitilar na'ura tana ci, amma babbar manhajar kwamfuta, wato shirin da ke tafiyar da ita kamar Windows ko Linux, ba ta nuna alamar ta san da baƙo a gidan ba. A nan ne ilmin da na koya wajen Malam ya taimake ni fahimta. Ɗalibai za su tuna da insulin, sinadarin da ke umartar ƙwayoyin jiki su karɓi sukari daga jini. Insulin ba ya aiki sai ƙwayar tana da makarɓa a fatarta wadda ta dace da shi kamar kwaɗo da mabuɗi. A nau'i na biyu na ciwon sukari sau da yawa insulin yana nan yana yawo a jini, amma ƙwayoyin sun daina amsa kiransa yadda ya kamata. Saƙo yana nan, mai aikowa yana nan, mai ji ne babu. Makarɓar babbar manhaja ita ce wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, ko da yake a ganina tafinta ya fi dacewa da ita. Kowace irin na'ura da tafintanta.

Akwai kuma wani bambanci da yaran yau ba su sani ba, domin sun tashi a zamanin USB, wanda ya fito a 1996. Na'urar USB da an soka ta take yin sallama, ta faɗi lambar kamfaninta da tata, babbar manhaja ta nemo mata tafinta. Kafar firinta ba ta sanar da zuwan kowa. Tafintan ne zai je bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa da wani jerin lambobi na musamman, wanda firinta ba ta kula shi, amma guntun lantarkin cikin Zip yana jin sa ya farka. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne a jona igiya alhali komai yana kashe, a kunna na'urar, a sa faifai, sa'an nan a kunna kwamfuta. Wanda ya juya wannan jeri, tafinta zai ƙwanƙwasa ya ji shiru ya koma.

A zamanin DOS tafintan wani ɗan shiri ne mai suna GUEST.EXE da ke zuwa a fulofi tare da na'urar. Windows XP, wadda ta fito a 2001, tana ɗauke da nata, sai dai a shiga shafin saitin kafar firinta a ba ta izinin neman tsofaffin na'urori. Windows ɗin da suka biyo baya sun ajiye wannan tafinta, kuma a kan masu bit 64, waɗanda su ne a kwamfutocin yau, babu shi sam. Ni Linux na zaɓa, saboda dalili biyu: tana riƙe da tsofaffin tafintoci, kuma tana ba mutum ikon buɗe faifai don karatu kawai, ba tare da an rubuta ko ɗigo a kansa ba. Tafintan Zip a Linux biyu ne. Na farko ppa, wanda Grant Guenther ya fara rubutawa a tsakiyar shekarun 1990, na tsofaffin na'urori ne. Na biyu imm, na waɗanda aka yi daga baya ne, bayan kamfanin ya canja guntun lantarkin ciki. A ido ba a cika bambance su ba, sai dai idan an ga kalmar AutoDetect a jikin igiya, to imm ake nema. Na rubuta modprobe ppa, shiru. Na rubuta modprobe imm, sai na'urar ta yi ɗan gurnani, fitila ta ƙifta, sunanta ya bayyana a allo. Saurayin nan ya ce, "Dakta, ta amsa!" Ni kuwa, ban ɓoye muku ba, sai da na share ƙwalla.

Saura ƙiris guda da ke ruɗa mutane. Teburin rabon faifai yana da gurabe 4, kuma a masana'anta ana sa faifan Zip a gurbi na huɗu, a bar ukun farko fayau. Don haka wanda ya nemi sdb1 zai ji an ce babu, abin nema shi ne sdb4. Irin wannan ragowar tsohon tsari takan tuna mini da mesa, wadda ke da 'yan ƙumbuna biyu kusa da wutsiya, gurbin ƙafafun baya, ga su nan dai ko da ba ta tafiya da su.

Wanda ya kai nan kada ya tsaya buɗe takardu yana sha'awa. Faifan da ya shekara 25 a ƙarƙashin gado ba a san sau nawa zai yarda ya juya ba, don haka aikin farko shi ne a kwafe shi ɗungurungum zuwa wani wuri. Akwai shiri mai suna ddrescue da ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sa'an nan ya dawo ya lallaɓi masu rauni. A kuma kasa kunne. Zip ta yi ƙaurin suna da wata cuta wadda har ta kai masu saye suka shigar da ƙara a Amurka a 1998: na'ura ta riƙa yin ƙas, ƙas, ƙas ba ƙaƙƙautawa, alamar kan karatunta ya kauce, kuma tana iya lalata faifan da aka sa mata. Wanda ya ji haka ya cire faifansa nan take. Tamu ba ta yi ba. Faya-fayai 10 suka kwafu lafiya. Na 11 da na ja ƙyaurensa na leƙa sai na ga fari-farin fumfuna a kan robar, aikin laimar damina, ban kuwa sa shi a na'urar ba don kada ya ɓata kan karatun.

Ko bayan kwafewa da sauran tafinta. Malam ya yi rubutunsa da WordPerfect, lissafinsa kuma da Lotus 1-2-3, shirye-shiryen da ɗalibaina ko sunansu ba su taɓa ji ba. An yi sa'a LibreOffice, wadda kyauta ake samunta, tana buɗe duka biyun. Na mayar da kowace takarda zuwa rubutu tsurarsa, wanda kowace kwamfuta ke karantawa, na ajiye a wuri uku, na kuma buga a takarda.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan wasu manyan faya-fayan leza, don cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar Domesday na 1086. Kafin 2002 na'urorin karanta faya-fayen sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali littafin fata na 1086 yana nan ana karantawa. Haka nan a Gidan Arewa da ke nan Kaduna akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami na ƙarni na 19 waɗanda duk mai ilmin harafin zai zauna ya karanta da idonsa. A fagenmu na nazarin halittu kuwa, a 2021 masana sun karanta sinadarin gado na DNA daga haƙoran wata giwar ƙanƙara ta Saiberiya da ta haura shekara miliyan ɗaya, domin haruffa 4 da aka rubuta ta da su, su ne dai a jikina da jikin mai karatu. Tsakanin idona da faifan Malam kuwa na ƙirga matakai 7: wuta, na'ura, igiya, kafa, BIOS, tafinta, da shirin buɗe takarda. Ɗaya ya faɗi, sauran 6 ba su da amfani.

Ashe ma akwai na 8. Da lissafin ya buɗe, sai na ga jerin watanni da adadin katantanwa tsaf, amma wuraren da aka ƙirga su ba suna, sai K1, K2, har zuwa K9. Adadi ba tare da wuri ba kuwa bai gaya wa kowa komai ba. Na koma wajen Hajiya na yi mata bayani. Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce, "Akwai wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake sawa a aljihun babbar riga in zai fita." Aka yi ta bincike har aka same shi cikin akwatin tufafinsa. A shafin farko ga K1 zuwa K9, kowanne da kwatancensa da fensir: bayan makarantar allo, gindin tsamiya, ramin da ake haƙar ƙasar bulo. Inda kwatancen ya gagare ni, ita ta warware, domin ta san wace tsamiya yake nufi.

Ranar Asabar da ta biyo na ɗauki ɗalibaina biyu da ragar kamun katantanwa muka bi kwatancen. K2 da K7 suna nan da ruwansu, har mun tarar da yara suna wanka a ɗayansu. A inda K4 yake kuwa mun sami jerin shaguna, ɗaya ana cajin waya a ciki.